Injin indararo: sabo, na hannu, ko na Sin?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, amma a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa nake zaune, a Amurka. Na jima ina aiki a ƙarƙashin wani mai sana'ar sa wa gidaje indararon aluminiyam, irin dogon nan da ke bin bakin rufi yana tare ruwan sama. Da inji muke yawo a cikin tirela. In mun je gida sai mu auna, mu zura naɗin aluminiyam ta bayan injin, indararo ya fito ta gaba daidai tsawon da muke so, ba haɗi ko ɗaya a tsakiya. Alhamdu lillahi aikin ya zauna a hannuna, yanzu ina so in tsaya da ƙafata. Da abin da na tara da kwasar adashi, ina da dala 18,000.

Injuna uku ne a gabana. Akwai sabo mai fitar da inci 5 da inci 6, an ce mini da kayansa zai kai dala 15,000, kuma dilan ya ce in ina so za su haɗa ni da masu ba da bashi. Akwai irinsa na hannu da na gani a Facebook, wani dattijo ne zai bar sana'ar, yana neman 8,500. Sai wani na ƙasar Sin da na gani a intanet a kan 4,000, ban da kuɗin jirgi. Maiɗakina ta ce kada in taɓa kuɗin, aikin da nake yi ya ishe mu. Yayana kuma ya ce in sayi na Sin ɗin guda biyu, in aika da ɗaya gida a fara sana'ar a Maraɗi. Kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?

Wani ɗan'uwa daga Greensboro

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Haɗa dala 18,000 a ƙasar da haya da inshorar mota ke lamushe albashi ba ƙaramin ƙoƙari ba ne.

Ga amsar a dunƙule kafin in warware ta. Na Sin ɗin ka bar shi. Sabon ma ka bar shi a wannan karon. Injin ba shi da laifi, aljihunka ne bai kai ba tukuna, kuma ban ga dalilin da zai sa ka fara sana'a da bashin ruwa a wuya ba alhali akwai wata hanya. Na dattijon nan shi ne abin dubawa, amma da sharaɗin za ka je da naɗin aluminiyam naka ka gwada shi da hannunka kafin ko sisi ya fita. In ya faɗi jarrabawa, sai ka koma kan sabo mai fitar da girma ɗaya tak, wanda ya fi mai biyu sauƙi da dubban daloli.

Lissafi ne ya sa na hana ka sabon. Kullum kana cikin tirelar maigidanka, ido ya saba da abin da ke ciki har ya daina gani. Gobe in ka shiga, ka tsaya ka ƙirga. Ita kanta tirelar kuɗi ce, kuma ba kowace iri ba. Rufaffiya ake so, mai tayoyi huɗu, mai tsawon ƙafa 14 ko 16, domin inji mai girma biyu ya haura rabin tan, cikakken naɗi ɗaya kan kai kilo 150 ko fiye, kuma ba da ɗaya za ka fita ba. Ƙara tsani dogo da gajere, da janareta saboda gidajen da ba a ja musu wuta ba tukuna, da ƙafafun da ke tare indararo in yana fitowa, da bututun saukar ruwa da gwiwoyinsa, da maƙalai, da murafun baki, da kusurwoyi, da sukurori da gam. Ba ka gaya mini ko kana da akori-kurar da za ta ja wannan kaya ba. In babu, ita ma tana cikin lissafi. Ka ga in ka zuba 15,000 a kan inji, dubu ukun da suka rage da ƙyar su sayi tirela, balle sauran. Sai ka wayi gari da inji sabo fil a garejin wani, kana biyan kuɗin ajiya, kana kuma sammakon zuwa aikin maigidanka kamar yadda ka saba.

Ga kuma jarin aluminiyam. Da awo ake sayar da naɗi, laba-laba. Laba ɗaya ta mai kaurin inci 0.027, a faɗin da ake yin indararon inci 5, tana ba da ƙafa biyu da rabi da ɗan ɗoriya. In ka koma inci 6 da mai kaurin 0.032, labar ba ta cika ƙafa biyu. Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan aluminiyam ɗin da ake shigowa da shi a 2018, ta mai da shi 25 a watan Maris na 2025, ta kai shi 50 a watan Yuni na 2025. Irin wannan yakan biyo naɗi har shagon dilanka. Kai ne za ka sayi kaya da kuɗinka kafin mai gida ya biya ka, masu kwangilar gini kuwa sukan riƙe kuɗin mutum wata guda ba tare da sun ji komai ba. Wanda bai bar rara ba, inji zai tsaya masa ba don ya lalace ba.

Sai maganar girma. Mutane kan fara da tambayar wane kamfani ya fi, alhali abin da ya kamata a fara sani shi ne irin indararon da gidajen yankin suke sawa. Wannan kai ka fi ni damar saninsa. Ka zauna ka tuno ayyukan da kuka yi a shekarar nan, daga Greensboro zuwa High Point da Winston-Salem, ka ware: nawa ne inci 5, nawa ne inci 6? Kusan duka za ka tarar samfurin K ne, mai lanƙwasar ado a gaba. Mai rabin da'ira, wanda ake sa wa tsofaffin gidaje da na masu hali, sau da yawa na jan ƙarfe, injinsa daban ne, kada ma ka sa shi a rai yanzu.

Inci ɗayan nan da ke tsakaninsu ba wasa ba ne. Ruwan sama na milimita 25 a kan rufi mai murabba'in mita 140 lita 3,500 ne, kuma hadarin bazara a yankinku kan iya sauke hakan cikin awa ɗaya. Indararon inci 5 yawanci da bututu mai inci 2 da 3 ake haɗa shi, na inci 6 kuma da mai 3 da 4. Bakin na farko murabba'in inci 6 ne, na biyu 12, ninki ke nan. Shi ya sa rufi mai faɗi, ko mai tsananin gangara, ko na kwano mai santsi da ruwa ke kwararowa da gudu, ko wurin da kwarin rufi ke tattaro ruwan ɓangare biyu ya zuba waje ɗaya, duk inci 6 suke nema. Ga ganyen da ke zuba da kaka, babban bututu ya fi jure shi. Ƙananan tsofaffin gidaje kuwa, masu siririn katako a gaban rufi, inci 5 ya ishe su. Wanda ya kira ka ka canza masa gefe ɗaya da reshe ya faɗa wa ma ba zai yarda ka sa masa abin da ya saɓa wa sauran gefunan ba.

Amfanin mai girma biyu shi ne ba ka mayar da aiki. Amma yana da nasa kuɗin da dila ba zai jaddada maka ba. Ya fi nauyi, ya fi tsawo. Sauya shi daga 5 zuwa 6 kan ci kamar minti ashirin ga wanda hannunsa ya faɗa, kuma bayan kowane sauyi sai ka fitar da 'yan ƙafafu na gwaji ka yar. Sannan naɗi kashi biyu za ka riƙa ajiyewa, mai faɗin da ya kusa inci 12 na ƙaramin, da mai inci 15 na babban, kuma kowane launi sau biyu: fari biyu, baƙi biyu, ruwan ƙasa biyu. In ƙirgarka ta nuna takwas cikin goma girma ɗaya ne, inji mai girma ɗaya ya wadatar da kai. In kuwa sun kusa raba daidai, mai biyu kake bukata, kuma abin da ya sa na dattijon ya ja hankalina ke nan, tunda kuɗin da ya sa bai yi nisa da na sabo mai girma ɗaya ba.

Wani abu da nake so kada ya ruɗe ka shi ne gudu. Injinan nan kan fitar da ƙafa 35 zuwa 50 a minti ɗaya. Gida madaidaici ƙafa 150 zuwa 200 yake ci. Ashe injin minti biyar kawai yake aiki a gida guda, sauran yinin a kan tsani kake. Duk dilan da ya ce ka ƙara kuɗi don nasa ya fi sauri, ka yi masa godiya kawai.

Na Sin fa? Ba na cikin masu cewa duk abin da ya fito daga can jabu ne. Masana'antu da yawa a duniya da injinan murza kwano na Sin suke aiki, suna kuma cin riba. Halin da kake ciki ne bai dace da shi ba. Soket ɗin da ke jikin bangon gidan Ba'amurke wuta ce mai ƙarfin bolt 120, mai bugu 60 a daƙiƙa. Injinan da aka ƙera don wannan kasuwa da ƙaramar motar lantarki suke zuwa, mai kashi uku cikin huɗu na ƙarfin doki, ka soka a bango ka fara aiki. Da yawa daga na Sin an yi su ne don wutar 220, ko 380 mai layi uku, mai bugu 50, kuma don a girke su a masana'anta aka yi su, ba don yawo a bayan mota ba. Za a iya ce maka za a canza motar lantarkin da ke juya injin kafin a turo, amma sai akwati ya iso za ka san abin da aka sa.

Babbar matsalar ma siffa ce. Kai ka san indararo ba ya tsayawa shi kaɗai. Murfin baki, da kusurwa, da maƙalin da ke ɓoye a ciki yana riƙe leɓen gaba, duk a shirye ake sayensu a wurin dila, an buga su a kan awon Amurka. In leɓen da injinka ya lanƙwasa ya kauce kaɗan, maƙali ba zai kama ba. In bayan ya fi tsawo ko ya gaza, murfi ba zai zauna ba, sai ka cike da gam, sanyi ɗaya ya wuce ya fara ɗiga, a kira ka. Sannan kayan gyara. Ranar da taya ɗaya ta cikin injin ta fashe, mai injin New Tech Machinery na Colorado, ko KWM Gutterman na Illinois, ko Englert na New Jersey, waya zai buga a turo masa cikin 'yan kwanaki. Kai kuwa saƙo za ka riƙa aikawa da tsakar dare kana jiran jirgi. Dubu huɗun ma ba ita ce farashin ba: akwai jirgi, akwai kwastan da ƙarin harajin da aka sa wa kayan Sin tun 2018, akwai ejan mai fito da kaya, akwai motar da za ta ɗauko shi daga tashar ruwa. In ka gaji da shi kuma, samun mai saye sai an sha wuya. Araha ba ta ado.

To mu koma kan na dattijo, don a nan aikin yake. Kafin ka ƙona mai, ka tambaye shi ta waya sunan kamfanin da ya ƙera, da lambar da ke jikin injin, da shekarar da aka yi shi. Ka kira kamfanin da lambar nan ka ji ko har yanzu suna da kayan gyaransa. In sun ce sun daina, magana ta ƙare. Ka kuma tambayi irin tayoyin da ke jan aluminiyam ɗin. Tsofaffin injuna tayoyin ƙarfe ne ke yin ja da lanƙwasa a lokaci ɗaya. Suna da ƙarko, amma suna son yawan saiti in an canza kauri, kuma sukan bar tabo a fenti. Tun shekarun 1990 wani tsari ya yaɗu, inda tayoyin roba mai tauri ke ja, na ƙarfe marar tsatsa kuma suna juyawa sake suna lanƙwasa kawai. Irin wannan na fi so maka, don ya fi sauƙin sha'ani ga mai aiki shi kaɗai.

Ranar zuwa, da rana tsaka za ka je, da naɗinka na faɗi biyu. Ka zaɓi launi mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa, domin fari yana ɓoye ƙarzuwa. Kafin a kunna, a zare wuta daga soket, a buɗe murafun sama. Dubi tayoyin roba: sun tsattsage? Sun yi sulɓi? Robar ta fara rabuwa da ƙarfen da ke cikinta? Wannan ana canzawa, amma kuɗi ne, sai ka rage a ciniki. Dubi sarƙa, ta saki ko ta yi tsatsa. Juya tayoyin lanƙwasa da hannu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cije ko take girgiza boris ɗinta ya tafi. Dubi kawunan notocin saiti. In duk sun cinye saboda yawan sifana, to injin ya daɗe yana ba mai shi wahala, ko da bai faɗa ba. Abin da ya fi duka muni shi ne ka ga walda a jikin firam. Wannan alama ce injin ya taɓa faɗuwa ko tirela ta yi hatsari da shi, kuma firam ɗin da ya karkace ba ya komawa daidai.

Sai a kunna. Kada ka yarda da gwajin ƙafa goma, kusan kowane inji zai fitar da ƙafa goma sambal. A fitar da 30 ko 40, a ɗora a kan ƙafafu, ka tsugunna a ƙarshe ka kai ido ka bi tsawonsa. Abu huɗu kake nema: ko kan yana ɗagawa sama, ko yana sunkuyawa ƙasa, ko yana lanƙwasa zuwa wajen bango, ko yana gudun bango. Dubi gindin indararon ko yana da kumburi-kumburi, dubi leɓen ko ya rufu daidai daga farko har ƙarshe, shafa fentin ka ji ko akwai layi. Ƙaramar karkata ba abin tsoro ba ce, saiti ne. Ka ce ya gyara a gabanka. In ya juya noti biyu abin ya miƙe ya kuma zauna, madalla. In kuwa ya gyara nan can ya ɓaci, ya gyara can nan ya dawo, ka san tayoyi sun cinye ko firam ya motsa. Ja wuƙar yankan ka ga ko tana yanka fes ko tana murƙushe baki. Ɗauko murfi da maƙali na dilan da za ka riƙa saye a wurinsa, ka sa ka ji sun kama. Gwada gaba, gwada baya, gwada maɓallin tsayarwa na gaggawa.

Bayan haka ka ce ya sauya zuwa inci 6 kana kallo, a sake duk gwajin, sannan a dawo 5 a sake fitar da wani. Mutane da yawa na da inji mai girma biyu amma shekara da shekaru a kan ɗaya suka bar shi, har wasu ƙarafunan sauyin, musamman na wuƙa, sun ɓace a gareji. In haka ne, inji mai girma ɗaya yake sayar maka da kuɗin mai biyu. Ka tambaye shi kuma ko ya riƙa murza ƙarfe da shi ko aluminiyam kaɗai, domin ƙarfe ya fi cin tayoyi da wuƙa. Duk wannan zai ɗauki rabin yini da aluminiyam na 'yan daloli. In ya ce ba shi da lokacin gwaji, ku yi sallama. In kuwa tun a waya aka ce ka turo kafin alƙalami don a riƙe maka, kada ka tura, Facebook cike yake da hotunan injinan da masu tallarsu ba su taɓa gani ba.

In inji ya ci jarrabawa, saura takarda. A rubuta shaidar ciniki mai ɗauke da lambar injin da sunansa kamar yadda yake a katin shaidarsa. Kafin ka biya, ka shiga shafin ofishin Sakataren Jiha ka binciki rajistar da ake kira UCC da sunansa da sunan kamfaninsa. A nan masu ba da bashi ke rubuta kayan aikin da aka jinginar musu. In da bashi a kan injin, suna iya zuwa su ɗauke shi daga hannunka ko da ka biya dattijo lakadan. Kuma tunda barin sana'ar zai yi, tambaye shi tirela, da tsani, da ragowar naɗi. Mai yiwuwa ribar cinikin ma a nan take. A yi kuɗi ɗaya a kan duka, ita tirelar a ba ka takardar mallakarta.

Akwai wata hanya da ba ka ambata ba, ko da yake na tabbata ka san ta. Dilolin kayan indararo da yawa suna da motar da ke zuwa wurin aiki ta murza maka tsawon da ka auna, ta ajiye ta tafi, ka biya ƙafa-ƙafa. Ribar ba ta kai ta mai injin kansa ba, amma ba ka sa jari ba. In na dattijon bai yi ba, kada ka yi gaggawar sayen wani don zuciya. Ka yi 'yan watanni da wannan hanya a ranakun Asabar. A nan za ka gane ko kana iya samo aiki da kanka, domin iya sa indararo daban, iya sa waya ta yi ƙara daban. Ko bayan ka sayi mai girma ɗaya ma, da ita za ka riƙa cike girman da ba ka da shi.

Hukuma kuma tana da nata. Rajistar ƙaramin kamfani irin LLC a jiharku dala 125 ce. Inshorar ɓarna dole ce a aikace, don masu kwangilar gini ba za su bar ka ka kafa tsani ba sai sun ga takardarta. In ma'aikata sun kai uku, doka ta wajabta inshorar raunin ma'aikaci. Lasisin babban ɗan kwangila sai aiki ya kai dala 40,000 ake nemansa, aikin indararon gida kuwa ba ya zuwa kusa da nan. Abu ɗaya da zan roƙe ka: yanzu da za ka zama maigida, kada rowar kuɗin yaro ta sa ka ɗaga indararo mai ƙafa 40 kai kaɗai a kusa da wayar wutar da ke shiga gida. Aluminiyam yana ɗaukar wuta, iska kaɗan ta ishe shi ya juya.

Maiɗakinka ba injin take ƙi ba, haya take tunani, kuma tana da gaskiya a nan. Kada ka je mata da "Allah zai rufa asiri" kawai. Ku zauna da biro da takarda, ku fitar da kuɗin haya da cefane da abin da ake aikawa gida na wata uku, a ware shi a asusun da ta sani, a ce wannan ba na indararo ba ne ko me ya faru. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya, da shi za ka je ciniki. Ka kuma gaya mata ba za ka ajiye aikinka ba sai ayyukan Asabar sun fara fin ƙarfin Asabar. Ina kyautata zaton in ta ga lissafi a rubuce, muryarta za ta sauya.

Shawarar Yaya kuwa, ka ba shi haƙuri cikin ladabi. Abin da ya sa Ba'amurke ke biyan kuɗin indararo ba ya nan a Maraɗi. A Greensboro ruwan shekara ya haura milimita 1,000, yana sauka kowane wata, gidajen na katako ne a kan jar laka, in ruwa ya taru a gindin gini sai ya ruɓar da katako ya motsa tushe. Maraɗi kuwa wajen milimita 500 ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma mai bukatar indararo yana da maƙeri ko mai walda a unguwa da zai lanƙwasa masa kwano da hannu a kan kuɗi kaɗan. Injin nan ba ya cin kowane kwano, sai naɗi mai fenti da aka yanka daidai faɗinsa, wanda sai an shigo da shi ƙasar da ba ta da teku. Ka ce wa Yaya ya fara samo masu gida goma da suka yarda za su biya, da inda za a sami naɗin da farashinsa. In ya kawo wannan, sai a sake zama.

Saura maigidanka. Kada ya ji labari a bakin dila, kai za ka gaya masa. Ka duba ko ka taɓa sa hannu a wata takarda da ta hana ka yin sana'ar a yankinsa, kuma ko babu takarda, kada ka bi gidajen da ka sani ta dalilinsa kana ba su lambarka. Aiki yakan yi wa masu wannan sana'a yawa da kaka da bayan guguwa, har su riƙa tura ƙananan ayyuka ga wanda suka yarda da hannunsa, kuma babu wanda ya san hannunka kamarsa. In kun rabu lafiya, ka roƙe shi ya raka ka ranar gwajin injin dattijo. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sauraron ƙarar irin wannan inji zai ji boris ɗin da ya mutu tun kafin a buɗe murfi, kuma dattijon zai fi sassauta farashi in ya ga ɗan sana'a irinsa a tsaye.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare hawa da sauka.